Cape Breton: Inda gogen Sikotland ya fi harshenta tsawon rai

A shekarar 1773, jirgin ruwan Hector ya sauke baƙin haure kusan 200 daga tsaunukan Sikotland a Pictou, lardin Nova Scotia da ke gabashin Kanada. Dubbai suka biyo sahunsu, da yawansu manoman da masu filaye suka kora domin kiwon tumaki.

A tsibirin Cape Breton na lardin, jikokinsu sun riƙe kiɗan goge da rawar gargajiya, har makaɗan Sikotland kan zo neman salon da ya ɓace musu a gida.

Harshen Gaelic ne ya ji jiki, domin makarantu sun daɗe suna hana yara magana da shi. Yau Kwalejin Gaelic da aka kafa a St. Ann's a 1938 tana fafutikar raya shi, kafin dattawan da suka sha shi a nono su ƙare.