Tudun Wadan Zariya: Unguwar baƙi da ta cika ta batse, amma ba ta da alƙaluman mutanenta

Duk wanda ya fito daga birnin Zazzau ta Ƙofar Doka ya miƙe arewa, cikin 'yan mintoci zai tsinci kansa a Tudun Wada, inda ƙarar babura da Keke Napep ba ta yankewa daga asuba har dare. Da wuya mai wucewa ya kawo a ransa cewa shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce, wannan wuri fili ne na noma da kiwo a bayan ganuwa.

Turawan Ingila sun mamaye Zazzau a 1902. Ba a daɗe ba suka sauke Sarki Kwasau, Aliyu Ɗan Sidi ya hau gadon sarauta a 1903. Sai dai abin da ya fi sauya fasalin garin shi ne layin dogo da ya taso daga Baro ya ratsa Zariya zuwa Kano a wajajen 1911. Daga nan aka ja wani ƙaramin layi zuwa Jos saboda kuza, daga baya wani ya nufi Gusau har Ƙauran Namoda. Zariya ta zama mahaɗar jiragen ƙasa, auduga da gyaɗa na shigowa, kamfanonin Turawa na saye. Masu neman abin kai wa baka suka yi ta kwararowa.

Yadda aka raba mazauna

Tsarin Turawa shi ne kowa da inda za a ajiye shi. Su kansu sun ware wa kansu unguwa da ake kira GRA. Ma'aikatan jirgi da akawuna da 'yan kasuwa da suka zo daga Kudu aka ba su Sabon Gari, kusa da tasha. Birni kuwa aka bar wa Zage-zagi a ƙarƙashin sarkinsu.

Sai aka rage da rukuni guda: 'yan Arewa, galibinsu Musulmi masu jin Hausa, amma ba 'yan asalin birnin ba. Bakano da Bakatsine da Basakkwace da Banufe da Babarbare, wasu leburori, wasu masinjoji, wasu fatake da malamai. Su ne aka yanka wa filaye tsakanin ganuwa da rafin Kubanni, a ƙarƙashin hukumar En'e. Har yau alamar wannan yanka tana nan: layukan tsohuwar Tudun Wada a miƙe suke, suna gicciye juna, saɓanin lungunan cikin birni masu kwana-kwana.

Ba a Zariya kaɗai aka yi haka ba. Akwai Tudun Wada a Kano da Kaduna da Jos da Gusau, kuma sunan da kansa fata ne na alheri ga baƙon da ya zo nema.

Abin da ya ɗaga ta Zariya a kan sauran shi ne boko da ɗab'i. A watan Janairun 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da Abubakar Imam a matsayin edita. Shi kansa Imam misali ne na irin mutanen da suka gina wannan yanki: an haife shi a Kagara a 1911, ya yi karatu da koyarwa a Katsina, aiki ya kawo shi Zariya, ya zauna a Tudun Wada, kuma a Zariya ya rasu a 1981. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya, wanda ya tara marubuta da masu fassara da masu haɗa baƙaƙe daga larduna daban-daban. A 1949 Kwalejin da aka sani yau da Barewa ta dawo Zariya daga Kaduna. A Kongo, makarantar horar da akawuna ta girma ta zama cibiyar koyar da harkokin mulki, wadda ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962. Ga kuma asibitin Tudun Wada, wanda ya zama asibitin koyarwa na jami'ar, kafin a mayar da babban aikinsa Shika a 2005.

Kowace ɗaya daga cikin waɗannan ta zo da ma'aikatanta, ma'aikata suka zo da iyali, iyali suka jawo 'yan'uwa daga ƙauye. Masu gidaje suka riƙa tsaga ɗakuna suna ba ɗalibai da 'yan jinya haya. A haka gonakin da ke tsakanin Tudun Wada da Gyallesu da Tudun Jukun da Tukur-Tukur suka ƙare, har ya zama baƙo ba ya iya cewa ga inda wannan ta tsaya, ga inda waccan ta fara.

To, mutum nawa ne?

Nan ne gizo ke saƙar. Ƙidayar ƙarshe da aka yi a Najeriya ita ce ta 2006, kuma ta ba Ƙaramar Hukumar Zariya mutum sama da dubu 400. Amma Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta tsaya ne a matakin ƙaramar hukuma wajen fitar da sakamakon, ba ta sauko kan garuruwa da unguwanni ba. Ƙidayar da aka shirya yi a watan Mayun 2023 kuwa, an ɗage ta ana saura 'yan kwanaki.

Ke nan adadi guda ne ya haɗe mazaɓu 13 na ƙaramar hukumar, alhali ba kamarsu ɗaya ba. A ciki akwai Kwarbai da Kaura da Limancin Kona na cikin ganuwa, akwai Tudun Wada da Gyallesu masu cunkoson gidajen haya, akwai kuma Dambo da Wuciciri da Dutsen Abba, inda har yanzu noma ne babbar sana'a. Buƙatar ƙauyen da ke neman taki da hanyar fitar da amfanin gona daban take da ta layin da gida ɗaya ke ɗauke da iyalai biyar a kan famfo guda.

Hukumar ƙidaya ta ƙiyasta cewa al'ummar ƙasar na ƙaruwa da kashi 3.2 cikin ɗari a shekara. A wannan lissafi, jama'a na ninkawa cikin kimanin shekara 22, wato nan da 2028 adadin 2006 ya zama rabin gaskiya. Unguwa irin Tudun Wada, da baƙi ke ci gaba da sauka a cikinta, babu dalilin da zai sa ta gaza wannan ma'auni.

Abin da masu tsara ayyuka ke lallaɓawa da shi shi ne rajistar masu zaɓe ta INEC, wadda ba ta ƙirga wanda bai kai shekara 18 ba, da kuma lissafin yara 'yan ƙasa da shekara biyar da ma'aikatan rigakafin shan-inna ke yi gida-gida. Ɗan firamare da ɗan ƙaramar sakandare, waɗanda su ne ake gina wa azuzuwa, ba sa cikin ko ɗaya.

Akwai kuma tsohon tabo da tarihin unguwar ya bari. Tunda tun farko an kafa ta ne don waɗanda ba 'yan asali ba, jikan mutumin da ya zo daga Bida ko Katsina a zamanin Sarki Ja'afaru, wanda aka haife shi a nan, aka haifi ubansa a nan, kan iya fuskantar tambayar "ina ne asalinku?" ranar da ya je neman takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma don shiga jami'a ko aikin gwamnati. Can garin kakan nasa kuma ba lallai a san shi ba. Gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta fito da rajistar mazauna Jihar Kaduna da katin shaida ga duk wanda ke zaune a jihar, ba tare da duba asali ba. Sai dai a matakin tarayya, tsarin raba daidai da ke cikin kundin mulkin 1999 har yanzu asalin iyaye yake dubawa, kuma fom ɗin ɗaukar soja da ɗan sanda bai daina neman wannan takarda ba.