Rubuta labari a kan Sabo ta da: me ake ƙagawa, me ba a taɓawa?

Kwanakin baya wani yaro ɗan unguwarmu a nan Sabo ta Badun ya turo mini labari ta WhatsApp, ya ce in duba masa. Labarin wani fatake ne da ya sauko Kurmi a 1920 neman goro. Yaron ya iya zance, wallahi na ji daɗin shafi biyun farko. A na uku sai ga fataken nan ya zaro naira hamsin ya biya kuɗin masauki. Nan na ajiye wayar. Naira ba ta fito ba sai 1973. Mutumin 1920 fam ya sani, da sule da sisi da kwabo da anini, kuma uwarsa da wuri ta yi cefane. Da na gaya masa sai ya ce, "Ai Baba ƙagagge ne, ba tarihi ba ne."

To, a nan gizo ke saƙar. Ƙagaggen labari na tarihi yana da ƙafa biyu. Ɗaya ta marubuci ce: shi zai ƙirƙiro fataken, ya raɗa masa suna, ya ba shi mata da bashi da abokin gaba, ya sa masa magana a baki. Ɗayar kuwa ba tasa ba ce. Kuɗin zamanin, hanyar da ake bi, wanda ke sarauta, abin da ake ci da abin da ake tsoro, waɗannan ya tarar da su ne, ba shi da ikon juya su.

Ba sabon abu ba ne a wurinmu. A gasar da Hukumar Talifi ta shirya a Zariya a 1933, biyu daga cikin littattafan da suka fito sun jingina da tarihi. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa labarin yaro ne da aka sace a zamanin cinikin bayi, aka keta hamada da shi, uwarsa ta bi sawu har Tarabulus. Umar ƙagagge ne, amma harin bayi da ayarin raƙuma da Rabe da aka ambata duk an yi su. Abin da ya sa littafin yake taɓa ni har gobe shi ne uwar nan. Littafin tarihi zai gaya maka an yi cinikin bayi ta hamada, ba zai zaunar da kai kusa da matar da aka raba da ɗanta ba. Gandoki na Bello Kagara shi kuma ya fara da yaƙin Turawa ta wajen Kontagora, daga baya ya zarce ƙasar aljannu. Ban ga laifinsa ba, don mai karatu yana ganin inda aka sauka daga tarihi aka hau tatsuniya. Matsalar ita ce a cakuɗa su yadda ba za a gane ba.

Yanzu mu dawo gida. Mu da aka haifa a Kurmi, yawancin littattafan da muke karantawa a Kano ko Kaduna ko Abuja ake saka su, kamar mu ba mu da labari. Alhali ga shi nan jibge. A 1863 Glover ya tara Hausawa a Ikko, da yawansu bayi ne da suka gudo, ya yi rundunar da ake kira da sunansa, har aka kai su yaƙin Asante. Jirgin ƙasa ya iso Badun a 1901, ya kai Kano a 1911, daga nan shanu suka fara saukowa a tarago goro yana hawa. A 1916 aka keɓe Sabon nan tamu. Ko kalmar da Yarbawa ke kiran goron da muke saye, gbanja, daga Gwanja ta fito, inda kakanninmu suke zuwa fatauci kafin a shuka irinsa da yawa a Agege da Shagamu. Ka ga kalma ɗaya ta ishi mai basira ya buɗe babi.

Wanda zai rubuta, shawarata ya fara da tsofaffi kafin ya fara da intanet. Kada ka tambayi tsoho shekara, zai ce maka lokacin Sarki wane ne. Tambaye shi yadda ake ɗaure huhun goro, ganyen me ake sawa, kwana nawa ake yi kafin a sake dubawa don kada ya ƙwari. Tambaye shi yadda maigida ke saukar da baƙo, ya tsaya masa a bashi wurin mahauta, da abin da ke faruwa in mahaucin ya ƙi biya. Wani Bature, Abner Cohen, ya zauna a Sabo ya rubuta littafi a kan wannan a 1969. Yana da amfani, amma shi tsarin ya bayyana. Yadda gaban maigida ke faɗuwa ranar da baƙonsa zai koma Arewa kuɗi ba su fito ba, wannan aikin mai ƙaga labari ne.

Sai kuma wurin da ke da ƙaya. Mutanen da za ka rubuta a kansu jikokinsu suna nan, tare muke sallah. In ka ɗauki gidan da kowa ya sani ka ce kakansu bawa ne, ko shi ya kai ƙarar wane wurin Joji, ka ce ai ƙagawa ka yi, ba wanda zai saurare ka. Ƙirƙiri gidanka, ka bar na mutane. Haka in ka taɓo rikicin Shagamu na 1999 ko na Idi-Araba na 2002. An rasa rayuka, waɗanda suka gani suna raye, kuma maƙwabtanmu Yarbawa da yawa suna jin Hausa. In duk Bayaraben da ke labarinka mugu ne, duk Bahaushe salihi, ka yi wa tarihin ƙarya ko da kowace shekara ka rubuta daidai, don mun san waɗanda suka ɓoye mutanenmu a ɗakunansu.

Yaron nan dai ya dawo da gyara. Ya cire nairar ya sa sule goma, ya kuma je ya zauna da wani tsohon ɗan goro har sau uku. Yanzu fataken nasa yana kwana kusa da huhunansa a tarago, yana shinshina su da dare ko sun fara zafi. Saura agogon hannu da ya bari a babi na huɗu, muna kan gardama a kansa.