Shirin Musamman: Mai Amsa Kiran Gaggawa

Mai amsa kiran gaggawa ma'aikaci ne da ke zaune a ɗakin sadarwa, na'urar sauraro a kunnensa, allunan kwamfuta a gabansa, yana karɓar kiran waɗanda gobara ta kama gidansu, ko haɗarin mota ya rutsa da su, ko ɓarayi suka haura musu, ko wani nasu ya yanke jiki ya faɗi. Aikinsa shi ne ya gano inda abin ya faru, ya auna tsananinsa, ya tura 'yan sanda ko 'yan kwana-kwana ko motar asibiti, sannan ya riƙe mai kiran a waya yana gaya masa abin da zai yi kafin ɗauki ya iso. A manyan cibiyoyi akan raba aikin gida biyu, wani na magana da mai kira yana shigar da bayani, wani na kan oba-oba yana magana da motocin da ke kan titi. A ƙananan garuruwa kuwa mutum ɗaya ne ke haɗa duka, waya a kunne guda, oba-oba a ɗayan.

Lambar kiran gaggawa ta samo asali ne daga wata gobara. A watan Nuwamba na 1935 wuta ta tashi a wani gida da ke titin Wimpole a Landan, mata biyar suka rasu. Wani maƙwabci ya yi ta neman 'yan kwana-kwana ta waya, aka bar shi yana jiran layi a ofishin haɗa waya, domin a lokacin babu abin da ke bambanta kiran gobara da kiran gaisuwa. Takaici ya sa ya rubuta wa jaridar The Times wasiƙa, gwamnati ta sa aka bincika, kuma ranar 30 ga Yunin 1937 aka buɗe lamba 999 a Landan. Idan aka kira ta, jar fitila ce ke kamawa a ɗakin masu haɗa waya, ƙaho ya ɗauki ƙara. Amurka ba ta bi sahu ba sai bayan shekara talatin: an yi kiran 911 na farko ranar 16 ga Fabrairun 1968 a wani ƙaramin gari mai suna Haleyville a jihar Alabama. Ƙasashen Turai suka amince da 112 a 1991, kuma da yake an saka lambar cikin tsarin wayar salula, sai ta bazu a duniya. Ita ce lambar da Hukumar Sadarwa ta Najeriya ta gina wa cibiyoyin amsa kira a Abuja da jihohi da dama, kuma kiranta kyauta ne. Hukumar kiyaye haɗurra tana da 122. A Nijar, kamar a Faransa, 17 ta 'yan sanda ce, 18 ta 'yan kwana-kwana.

Tambayar farko a yawancin cibiyoyi ita ce: ina ne? Mai kira yakan so ya fara da labari, yadda mahaifinsa ya tashi lafiya lau, ya yi alwala, sai kawai aka ji faɗuwarsa. Jami'in zai katse shi ya nemi adireshi, ya sa a maimaita, sannan ya nemi lambar wayar. Wannan kan yi wa mai kira ciwo, amma dalilinsa mai ƙarfi ne. Layi na iya yankewa, caji na iya ƙarewa, ana iya fizge wayar. Idan an san wurin, ko ba a san abin da ya faru ba za a tura wani ya duba. Idan kuwa an ji labarin kaf ba a san wurin ba, an tashi a tutar babu.

A zamanin wayar tangaraho ta girke wannan bai da wuya, domin kowace lamba tana da gidanta a rajista. Salula ce ta dagula lissafi. A Amurka ana yin kiran 911 kimanin miliyan 240 a shekara, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari daga salula suke fitowa. Turken sadarwa da kiran ya bi ta kansa ba ya nuna komai sai yanki, wanda a ƙauye kan kai faɗin kilomitoci. A 2014 aka ɓullo da wata dabara a Birtaniya wadda ke sa wayar da kanta ta aika wa cibiyar wurin da take da zarar an danna lambar gaggawa. Android ya ɗauke ta a 2016, iPhone a 2018. Sai dai tana amfani ne kawai inda cibiyar ke da na'urar karɓa. Inda babu, kwatance ne ke aiki, kuma a garuruwan da lunguna ba su da suna, gidaje ba su da lamba, gwanintar jami'in ke nan: ya ji "bayan masallacin Juma'a, layin mai shayi, gida mai jar ƙofa", ya tambayi wane masallacin, ta wace hanya mota za ta iya shiga, sannan ya ce a tsayar da yaro a bakin titi ya tari motar.

Bayan wuri sai abin da ya faru. Da can kowane jami'i da irin tambayoyinsa, abin da ya zo masa a baki. A ƙarshen shekarun 1970 wani likita a birnin Salt Lake na jihar Utah, Jeff Clawson, ya tsara katuna masu ɗauke da tambayoyi a jere na kowace irin larura, ciwon ƙirji da nasa, naƙuda da nata, ƙuna da nata. Katunan sun koma manhajar kwamfuta da ake amfani da ita a ƙasashe da yawa, amma tambayoyin buɗewa suna nan: faɗa mini ainihin abin da ya faru; shekarunsa nawa; yana cikin hayyacinsa; yana numfashi? Amsoshin su ne ke ba kiran matsayi, daga mai iya jira zuwa wanda rai ke hannun Allah. A Ingila, tun 2017, burin da aka sa wa motocin asibiti shi ne su isa ga kira mafi tsanani cikin minti 7 a matsakaici, mai bi masa cikin minti 18. Motoci ba sa taɓa isa, saboda haka duk wadda aka tura wa mai targaɗe, an hana ta ga wani da zuciyarsa ta tsaya. Mai kira yakan ɗauka tambayoyin ɓata lokaci ne, har ya yi tsawa ya ce a bar surutu a turo mota. Abin da bai sani ba shi ne, a kira mai tsanani motar kan tashi tun ana cikin tambayoyin, domin abin da ake rubutawa yana bayyana nan take a allon abokin aikin da ke kan oba-oba.

Wurin da aikin ya fi nauyi shi ne tsayawar zuciya. Ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 babu iska, kuma kowane minti da ya wuce ba a danna ƙirji ba, damar rayuwa na raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari. Motar da ta fi kowace sauri ma da wuya ta riga wannan agogo. Wanda ke tsaye a kan majinyacin shi kaɗai ke da lokacin, kuma yawanci bai taɓa koyon komai ba. A farkon shekarun 1980 gundumar King, inda birnin Seattle yake, ta fara horar da jami'anta su koyar da danna ƙirji ta waya, kuma yau abin ya zama ƙa'ida. Jami'in zai ce a kwantar da shi rigingine a ƙasa, ba a kan katifa ba, a durƙusa a gefensa, a ɗora tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗayan a kansa, a danna da ƙarfi zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Sannan ya shiga ƙirgawa da babbar murya, ɗaya, biyu, uku, huɗu, mai kira na bin sa, har sai an ji jiniya a ƙofa.

Akwai tarko a nan. Wanda zuciyarsa ta tsaya yakan yi wani irin kakari, yana jan iska jefi-jefi kamar mai minshari. Iyali na ganin haka sai su ce yana numfashi, a tsaya jira, alhali gargara ce. Shi ya sa ake koya wa jami'i ya tambaya ko numfashin irin na kullum ne, ko ya ce a kai wayar bakin majinyacin ya ji da kunnensa. Ba ya cikin hayyacinsa, ba ya numfashi daidai, to a fara dannawa. Cutarwar danna ƙirjin wanda bai buƙata ba ƙarama ce idan aka gwada da ta barin wanda ke buƙata.

Duk wannan ba ya yiwuwa sai an shawo kan mai kira. Uwar da jaririnta ya daina motsi ba ta jin umarni, ihu take yi. Dabarar da ake koyarwa ita ce a maimaita jimla ɗaya, da murya ɗaya, ba a ɗaga ba a sauke, a haɗa da dalili: "Ki saurare ni domin mu taimaki yaronki." Sau uku, sau huɗu, har ta yi shiru ta ce to.

Kiran gobara da na 'yan sanda tambayoyinsu daban ne. Mene ne ke ci, bene hawa nawa, akwai wanda ya maƙale a ciki, akwai tukunyar gas ko fetur? Ga 'yan sanda kuma: akwai makami, su nawa ne, har yanzu suna wurin, ta ina suka bi, wace irin mota? Wani mai kiran ba ya iya magana ko kaɗan, domin wanda yake tsoro yana ɗakin. A Birtaniya, wanda ya kira 999 ta salula ya kasa magana yana iya danna 55 a haɗa shi da 'yan sanda. A 2019, a garin Oregon na jihar Ohio, wata mata ta kira 911 tana yi kamar odar fiza take yi, jami'in ya fara ce mata ta yi kuskuren lamba, sannan ya lura, ya koma yi mata tambayoyin e ko a'a, ashe mahaifiyarta ake duka. Ba wata kalmar sirri ba ce da aka tsara, kunnen jami'in ne ya yi aiki.

Na'ura kuwa tana iya cin amana. Ranar 26 ga Oktoban 1992 hukumar motocin asibiti ta Landan ta ɗora aikinta kacokan a kan sabuwar manhajar rarraba motoci. Kiraye-kiraye suka cushe, aka riƙa tura mota biyu wuri ɗaya, wasu marasa lafiya suka yi sa'o'i suna jira. Cikin 'yan kwanaki aka koma takarda da biro, shugaban hukumar ya yi murabus. Wata matsalar ta kullum ita ce kiran banza: wayar da ta danna kanta a aljihu, yaran da ke wasa, da masu kiran ƙarya don nishaɗi. Kowane ɗaya sai an amsa, wasu sai an bi sawu, kuma layin da suka tare shi ne wanda mai gobara ke jira.

Jami'in da kansa yana biyan farashi. Aikin dare da rana ne, a cibiyoyi da yawa awa goma sha biyu a jere, sallah da hutu duk ɗaya. Yana jin mutuwa a kunnensa, ya ajiye, wani kiran ya shigo, kuma galibi ba ya sanin yadda na baya ya ƙare. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Arewacin Illinois, aka wallafa a 2012, ya nuna cewa masu wannan aiki na kamuwa da alamun ciwon firgicin da ke bin bala'i, ko da yake ba su taɓa zuwa wurin da abin ya faru ba. Kiran da ya shafi yara na cikin waɗanda suka fi tsaya musu a rai. Duk da haka an daɗe a Amurka ana lissafa aikin a rukunin akawu da masu aikin ofis, abin da ƙungiyoyinsu ke ta fafutukar a gyara. Suna da gaskiya: wanda ya koya wa uba fitar da abin da ya shaƙe ɗansa ta waya ya wuce akawu.

Masu sauraro, duk wanda larura ta sa ya kira lambar gaggawa, ya fara da faɗin inda yake, da unguwa da alamar da kowa ya sani. Ya amsa abin da aka tambaye shi a taƙaice, ya sa wayar a lasifika idan hannunsa zai yi aiki, kuma kada ya kashe sai an ce ya kashe. Wanda ya kira bisa kuskure ya tsaya ya faɗi haka, domin kada a tura mota nemansa.