Iyakar da Kwamfuta Ba Za Ta Tsallake Ba

Kwanakin baya wani ɗalibina ya tare ni bayan lacca, ya ce: "Malam, tunda ƙirƙirarriyar basira ta zo, ai nan gaba babu abin da zai gagari kwamfuta." Na fahimci zumuɗinsa, sai dai amsar maganarsa ta girmi kwamfutar kanta.

A shekarar 1936, Alan Turing, matashin masanin lissafi a Jami'ar Kambirij ta Ingila, ya rubuta maƙala don amsa wata tambaya da David Hilbert ya gabatar a 1928. Daga wannan aiki ne aka samo abin da ake kira matsalar tsayawa: shin za a iya rubuta manhaja guda wadda, in aka miƙa mata kowace irin manhaja, za ta faɗi ko za ta kammala aikinta ko kuwa za ta yi ta juyawa har abada?

Amsar ita ce a'a, kuma hujjar ba ta da tsawo. Mu ƙaddara akwai irin wannan alƙali. Sai mu ƙera wata manhaja mai taurin kai, wadda za ta tambaye shi hukuncinsa a kanta. In ya ce za ta tsaya, sai ta ƙi tsayawa. In ya ce ba za ta tsaya ba, sai ta tsaya nan take. Duk abin da ya faɗa ya zama kuskure. Ke nan babu wannan alƙali, komai ƙarfin na'ura.

Wasu injiniyoyi na cewa wannan iyaka ta takarda ce kawai. Na'urar da Turing ya kwatanta ma'ajiyarta ba ta ƙarewa, ta gaske kuwa tana da iyaka, don haka dole ko ta tsaya ko ta maimaita wani yanayi, a gane ta. Gaskiya ne. Amma gurabe 300 kacal, kowanne ɗauke da sifiri ko ɗaya, suna da yanayi fiye da adadin ƙwayoyin zarra a sararin samaniyar da muke iya hangowa. Wa zai jira? Ko na'urar Turing mai yanayi biyar tak, sai a 2024 aka tabbatar cewa mafi daɗewa cikin masu tsayawa tana yin taki 47,176,870.

Lamarin ya shafi kowa. Tun 1984 Fred Cohen ya nuna cewa babu manhajar da za ta gano kowane bairos ba tare da kuskure ba. Duk wanda ya yi mana alkawarin cikakken tsaro, ya faɗi abin da lissafi ya ƙaryata.

Wannan ba dalilin yanke ƙauna ba ne. Ana iya tabbatar da tsayawar manhajoji da dama, ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya gagara shi ne hanya guda da za ta game duka. Ƙirƙirarriyar basira ita ma manhaja ce, hukuncin bai tsame ta ba. Abin da na faɗa wa ɗalibina ke nan: ya koyi abin da na'ura za ta iya, ya kuma san inda ta tsaya, domin can ne za a ci gaba da buƙatar hankalinsa.