Ko Kun Sani? Zanen Da Ke Nuna Ɗumamar Duniya Ba Rubutu

Ko kun san akwai zanen da ke ba da labarin zafin duniya na fiye da shekara 170 ba tare da harafi ko lamba ko ɗaya ba? Farfesa Ed Hawkins na Jami'ar Reading a Ingila ne ya fito da shi a 2018. Ratsi-ratsi ne a jere kamar na luru, kowane ratsi shekara guda, tun daga 1850. Shuɗi na nufin shekarar da ta fi sanyi, ja kuma wadda ta fi zafi. Daga hagu shuɗi ne ya yi yawa, amma kana matsawa dama sai ja ya mamaye, har ya yi jawur. Ƙasashe da dama na da nasu zanen, har da Nijeriya, kuma ƙungiyar ƙwallon Reading ta sa shi a hannun rigarta a 2022. Dalilin cire lambobin shi ne ido ya fi saurin gane launi. Manomin rani a bakin Dam ɗin Zobe da ɗalibin jami'ar Dutsin-Ma, kallo ɗaya ya ishe su.