Tubalin Da Ke Tsare Wuta A Maƙerar Gas

Ku sani, ya ku malamai da fatake, maƙeran ƙasarmu sun gaji zugazugi da gawayin ƙirya tun kaka da kakanni. Amma ƙirya tana ƙaranci a daji, gawayi kuwa yana tsada. Saboda haka waɗansu suka fara sha'awar irin ƙaramar maƙerar da masu ƙira a gida suke amfani da ita a Amurka da Ingila, watau akwati wanda ake hura masa wutar gas ta bututu. Abin da ya fi ba su wuya shi ne tubalin da za a jera a cikinsa, domin a nan mutum yake ceton kuɗinsa ko ya zubar da su.

Tubalin wuta iri biyu ne, girmansu ɗaya: tsawo inci 9, faɗi inci 4 da rabi, kauri inci 2 da rabi. Na farko mai tauri ne, nauyinsa ya kai kilo 3 da rabi. Ba ya tsoron wuta, amma yana shanye zafi, ya miƙa shi waje, sai gas ya yi ta ƙonewa kafin ƙarfe ya yi ja. Na biyu marar nauyi ne, nauyinsa wajen kilo 1 ne. Da farar ƙasa ake yinsa, a gauraya ta da garin katako, sa'an nan a gasa. Garin ya ƙone, ya bar ƙananan ramuka cike da iska, iskar nan kuwa ita ke hana zafi fita. Wannan shi ne abin nema. Alamarsa ita ce farce yana karce shi, zarton kafinta yana yanka shi.

A kan sami lamba a jikin tubalin ko a kwalinsa. Mai lamba 23 yana jure zafi har digiri 1,260 a ma'aunin Salshiyas, mai lamba 26 kuwa har wajen 1,430. Ƙirar yau da kullum, kamar ta wuƙa da lauje da fartanya, tsakanin digiri 900 da 1,200 ake yinta. Wanda aikinsa ke nan, lamba 23 ta ishe shi, kuma ta fi araha, ta fi tsare zafi. Sai mai son haɗa ƙarfe da ƙarfe a wuta, wanda ke bukatar wajen digiri 1,300, shi ne zai nemi lamba 26.

To, ina hanyar sauƙi? Ta farko, a ƙanƙanta cikin maƙerar. Ramin da zai ɗauki ruwan wuƙa ko bakin gatari bai bukatar tubali ya wuce goma, kuma ƙaramin rami ya fi saurin zafi. Ta biyu, a nemi masu sayar da kayan tanderun gasa tangaran, da masu gyaran tanderun masana'antu. In sun sake jera cikin tanderu, sukan bar ragowa da masu karyayyen gefe, waɗanda ba su da aibi ga maƙeri. Ta uku, tubalin nan yana saurin karyewa a hanya, kuɗin dako kuwa yakan yi kusa da kuɗin saye. Gara maƙera uku ko huɗu su haɗa kuɗi su sayi kwali guda, su raba. Falken da ya ɗauko shi ya shimfiɗa masa buntu ko tsumma, kada ya ɗora masa kaya.

Akwai kuma mai son ya yi nasa. Farar ƙasar da ta dace tana nan a Ƙanƙara ta Jihar Katsina, da Alƙaleri ta Jihar Bauci, da tsaunukan Jos. A kwaɓa ta da garin katako ko buntun shinkafa, a shanya a inuwa har ta bushe sarai. Amma fa sai an gasa ta a tanderu mai zafi ƙwarai, wanda ya fi na matan da ke gasa tukwane. In ba haka ba, rugujewa za ta yi.

Araha ba ta ado. Kada kowa ya sa bulon siminti ko jan bulon gini, gama suna tsagewa, wani lokaci su fashe su yi wa mutum rauni in da danshi a cikinsu. Farin garin nan da ake kira borakis, wanda ake barbaɗa wa ƙarfe in za a haɗa shi, yana cinye tubali marar nauyi kamar yadda ruwa ke cin gishiri. Maganinsa a shimfiɗa siririn tubali mai tauri a ƙasan ramin, a bar marar nauyi a bango da rufi. Sabon tubali a fara masa da wuta kaɗan kaɗan. Kada kuma a kunna gas a rufaffen ɗaki, domin yana fitar da iska mai kisa wadda ba ta da wari ko launi.

Falke ya san riba ba a ranar saye kaɗai ake lissafinta ba. Tubali sau ɗaya ake biyan kuɗinsa, gas kuwa kullum ake saye. Wanda ya zaɓi mai nauyi don ya ga ya fi sauƙin kuɗi, zai biya bambancin wajen mai gas har ya ninka. Sayen nagari, mai da kuɗi gida.