Rinin da ke fayyace ƙarin hantar kaza

Mai kiwon kajin ƙwai a Kutama, ko a ƙauyukan da ke tsakanin Gwarzo da Kabo, zai iya wayar gari ya tarar da kaza ta mace, ya fiɗe ta ya ga hanta ta kumbura suntum da farare-fararen ƙulluka. Abin da baki ke fara faɗa shi ne "ciwon hanta". Alhali cututtuka biyu ne ke yin wannan kamannin, kuma ko ƙwararren likitan dabbobi kan yi kokonto a kansu.

Ta farko ita ce cutar Marek, mai sunan József Marek, likitan dabbobi ɗan ƙasar Hangare da ya bayyana ta a 1907. Ta biyu ana kiranta lukosis. Marek tana da rigakafin da ake yi wa ɗan tsako tun ranar ƙyanƙyasa. Lukosis kuwa ba ta da rigakafi, ta cikin ƙwai take bi daga uwa zuwa ɗa. Ke nan sanin wacce ce ta kashe kazar shi zai nuna ko rigakafi ne ya gaza, ko kuwa tushen kajin ne ke da matsala.

A nan rini ke shigowa. Ana yanka tsokar hantar siriri fiye da fatar albasa, a ɗiga mata sinadarin da ba ya kama komai sai alama guda. Ƙarin Marek daga ƙwayoyin garkuwar jiki na T yake tsirowa, masu ɗauke da alamar CD3. Idan suna nan, sai su rine da ruwan ƙasa a ƙarƙashin madubin likita. Na lukosis daga ƙwayoyin B yake, rinin CD3 ba ya kama su. (Harafin B ɗin ma daga wata 'yar jaka da ke kusa da duburar kaza aka samo shi.) Albert Coons ne ya aza harsashin dabarar a Amurka a 1941.

Sai dai a ganina, rabin aikin a gida yake ƙarewa. Hantar da ta yini a rana, ko aka daskarar da ita a firiza, ta lalace wa mai bincike. Gutsure kaɗan ake so, a jefa shi nan take cikin ruwan fomalin mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, ruwan ya ninka tsokar sau 10. Daga nan likitan dabbobi na yankin zai iya tura kwalbar zuwa Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ko cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, tare da takardar da ke faɗin shekarun kajin da irin rigakafin da aka yi musu.